Kai yaro ya ga jami'a kafin ya cike JAMB: wajibi ne ko ɓarnar kuɗin mota?

Baban Ummi: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema. 'Yata tana ajin ƙarshe na sakandare, bana za ta rubuta JAMB in Allah ya yarda, kuma harhaɗa magunguna take son karantawa. Ni ban yi jami'a ba, kasuwa na sani. Niyyata kafin a cike fom in ɗauke ta mu je ta ga makarantun da take ambata, Zariya da Kano, in da hali har Sakkwato. Yayana ya ce ɓarnar kuɗi ce, a bari sai an ba ta gurbi, ai dole za a je rijista. Waɗanda suka san harkar, me kuka gani? In kuma zuwan ya dace, me za mu duba, wa za mu tambaya?

Abu Hanif: Wa alaikumus salam. Alhaji, ni ina bayan Yayanka. A ƙasar nan ba yaro ke zaɓar jami'a ba, jami'a ke zaɓar yaro. Sai ka kashe kuɗin mota da na abinci, yarinya ta ga gine-gine ta ƙwallafa rai, a ƙarshe makinta ya gaza ko a tura ta wani kos ɗin da ba ta nema ba. Me aka yi ke nan? Kuɗin nan ka saya mata littattafan tambayoyin baya, ka sa ta a darasin yamma. Turanci, Bayoloji, Kemistiri da Fizis su ne za su shigar da ita, ba yawon ganin makaranta ba.

Ɗan Samaru: Malam Abu Hanif, maganarka akwai gaskiya a ciki, amma ba duka ba. Wa ya rubuta sunan jami'ar a fom tun farko? Yaro ne, ko ma in ce mai kafen intanet ɗin da ake cike fom ne, domin yara da yawa a gaban kwamfuta ake tambayarsu "wacce za a sa maka?" su faɗi wadda suka ji abokansu na faɗa. Kuma kowa ya san manyan jami'o'in tarayya zaɓin farko suke dubawa. Wannan layi ɗaya da aka cike cikin minti biyu shi ke yanke inda mutum zai yi shekara huɗu zuwa shida na rayuwarsa.

In ba ku misali da ABU ta Zariya tunda nan na fi sani. Mutum zai ce "ɗana ya samu ABU", a ransa Samaru yake gani, da dogon ginin Sanet da laburaren Kashim Ibrahim. Alhali in Shari'a aka ba shi, Kongo zai zauna, can Tudun Wada, wata duniyar ce daban. In likitanci ne, zai fara a Samaru amma shekarun asibiti a Shika zai yi su. BUK ta Kano ma haka: akwai tsohuwar makaranta ta wajen Kabuga, akwai sabuwa a kan hanyar Gwarzo, ga asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano can titin Zariya. A Sakkwato mazaunin jami'ar Ɗanfodiyo na dindindin yana bayan gari ne, asibitin koyarwa kuma yana cikin gari. Uba zai ce ai yarinya za ta zauna gidan ƙanwata a Kano, bai san tsakanin gidan da ajin da za ta riƙa zuwa adaidaita biyu ne da cunkoso ba. Wannan lissafin ba a ganinsa a fom.

Abu Hanif: To ai duk abin da ka lissafa yanzu ka faɗa mana a nan kyauta, ba wanda ya shiga mota. Abin da nake cewa ke nan.

Maman Sadiq: Malam Abu Hanif, ka yi haƙuri, akwai abin da ba a faɗa maka a waya. Ni malamar sakandare ce kuma uwa. Da za mu kai babbar 'yata, na shiga ɗakin kwanan 'yan mata na makarantar da take so, ba zan kama suna ba. Ɗakin da aka yi don mutum huɗu na tarar da katifu har a ƙasa tsakanin gadaje, masu gado da masu raɓawa, risho a bakin taga, akwatuna a kan juna. Na fita bayan ginin na ga layin bokitai an jera tun daga bakin famfo har kwanar bango, kowane da sunan mai shi da fenti, famfon kuma ba ya zuba. Na tambayi wata yarinya da ke wanki yaushe ruwa ke zuwa, ta ce sai an tayar da inji da asuba. Ban hana 'yata zuwa ba, can ta yi karatunta. Amma mun tafi da shiri: mun san sai da babban bokiti mai murfi, mun san ranar da ake buɗe neman gado a intanet ba a kwana, kuma ita kanta ta shiga da sanin abin da za ta tarar. Yaran da ke komowa gida da kuka a zangon farko, mafi yawansu ba karatun ne ya kore su ba.

Baban Ummi, abu ɗaya: in za ku je, ku tafi da mahaifiyarta ko wata yayarta. Ba za a bar ka ka shiga ɓangaren mata ba, kuma yarinya ita kaɗai kunya za ta hana ta leƙa banɗaki.

Baban Ummi: Allah ya saka da alheri Hajiya. Wallahi wannan bai zo mini a rai ba. Da mahaifiyarta za mu je.

Malamin Tsangaya: Ina koyarwa a jami'a, bari in sa baki. Alhaji ka je, amma kada ka tsaya a inda baƙi ke tsayawa. Mutane suna shigowa ta babbar ƙofa, su ɗauki hoto a shataletale, su yi salla a masallaci, su ci abinci, su koma gida su ce sun ga jami'a. Ba su ga komai ba. Yarinyar ba jami'a za ta karanta ba, sashe ɗaya za ta karanta. Ku nemi tsangayar harhaɗa magunguna, ku shiga, ku yi sallama a ofishin sakataren sashe ko jami'in tsangaya. Ba sai kun san kowa ba. Ku ce ku iyaye ne kuna son bayani. Da wuya a kore ku in kun zo da ladabi kuma ba lokacin jarrabawa ba ne.

Tambayar farko ita ce ta amincewar hukuma. NUC, hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, tana zagayawa tana tantance kowane kos, ta ba shi cikakkiyar amincewa, ko ta wucin gadi, ko ta hana. Bayan NUC kuma kwasa-kwasan sana'a suna da nasu hukumomin: harhaɗa magunguna PCN, likitanci MDCN, injiniya COREN, lauyanci kuma majalisar da ke kula da makarantar horar da lauyoyi. Waɗannan su ke ƙayyade yawan ɗaliban da makaranta za ta yaye. In sashe ya ɗebi fiye da adadinsa, ɗalibi na iya gamawa ya zauna jiran layi kafin a rantsar da shi. Tsofaffin jami'o'in da ka ambata sun daɗe a harkar, amma ka yi tambayar duk da haka, musamman in daga baya kuka juya zuwa sabuwar jami'a ko mai zaman kanta.

Game da maganar Malam Abu Hanif cewa jami'a ke zaɓar yaro, ga yadda rabon yake a jami'o'in tarayya: kashi 45 cikin ɗari na cancanta ne zalla, kashi 35 na jihohin da ke yankin jami'ar, kashi 20 na jihohin da aka bari a baya a ilimi. Ke nan jihar da yaro ya fito tana da tasiri a kan inda ya fi samun dama, kuma wannan dalili ne na yin tambaya kafin a cike fom, ba bayan an cike ba. Ku tambayi makin da aka tsaya a kai bara a wannan kos ɗin, ba makin da jami'a ta sanar na gaba ɗaya ba. Tsakaninsu akwai rata mai yawa. Ku tambaya kuma ko suna karɓar sakamakon WAEC da NECO a haɗe ko sai zama ɗaya.

Abu Hanif: Dakta, da girmamawa, wannan duk yana cikin kundin JAMB da ke intanet. Kuma ko an yi kuskure ai akwai canjin makaranta.

Malamin Tsangaya: Sharuɗɗan shiga suna ciki, haka ne, kuma kowa ya karanta su kafin ya taso. Makin bara na sashe da yawan waɗanda aka ɗauka ba sa ciki. Canjin makaranta kuwa kuɗi ake biya, kuma sau da yawa kafin yaro ya farga wadda yake son komawa ta rufe rijistar tantancewarta.

Kawu na Amurka: Ina bin muhawarar nan da sha'awa. A nan inda nake, wannan ziyarar al'ada ce zaunanniya. Yaro tun yana saura shekara guda ko fiye ya gama sakandare iyaye ke fara zagayawa da shi. A shafin makarantar ake ɗaukar rana, in kun je a tara ku a zaure wani jami'in ɗaukar ɗalibai ya yi bayani, sannan a haɗa ku da ɗalibi ya zagaya da ku, yana tafiya da baya-baya yana fuskantarku yana magana. Za a nuna muku ɗakin kwana, wurin cin abinci, laburare, wasu ma su bar yaro ya zauna a aji ya saurari darasi. Akwai makarantun da ke rubuta cewa ka zo, su ɗauke shi alamar da gaske kake. A Ingila ma jami'o'i suna ware ranakun buɗe ƙofa ga masu son shiga.

Amma kada a ɗauka komai na nan daidai ne. Ziyarar nan talla ce. Ɗakin da za a nuna maka an gyara shi ne don baƙi, ɗalibin da ke jagora an horar da shi a kan abin da zai faɗa. Da na kai ɗana, abin da ya fi amfanar mu shi ne bayan an sallame mu, muka zauna a wurin cin abinci muka ja hira da ɗaliban da ba a turo mana ba, sannan muka je ofishin tallafin karatu muka tambayi ainihin abin da za mu biya bayan an cire tallafi. Ta wannan fuskar ku a gida kun fi mu samun gaskiya, domin ba wanda zai share hanya saboda zuwanku. Yadda kuka tarar da wurin haka yake kullum.

Ɗaliba 'Yar Aji Huɗu: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Ni ɗaliba ce yanzu haka, ɓangaren kimiyya, bari in faɗi abin da na gani daga ciki.

Baba, ku zo ranar Talata ko Laraba, tsakiyar zango, da safe. Kada ku zo Juma'a ko ƙarshen mako, kada ku zo lokacin hutu, kuma ku tabbatar ba a yajin aiki. Makarantar da ba ɗalibai kyau gare ta, ko'ina fes, ba za ta gaya muku komai ba. Ku zo lokacin da ake rububin shiga bas a bakin ƙofa, ku ga yadda ake cika zauren lakca na 'yan aji ɗaya, ku ga ko na baya suna jin malami ko a tsaye suke a taga.

Sannan ku tsaya a allon sanarwa na sashen. Ba wanda ke kula shi sai mu, amma komai yana nan. Jadawalin darasi yana manne: in kun ga lakca ƙarfe bakwai ko takwas na safe, ga gwaji a lab har shida na yamma, kun san zaman gidan dangi mai nisa ba zai yiwu ba. In an manna sakamako, ku dubi tsawon jerin 'yan aji ɗaya ku gwada da na 'yan aji biyu ko uku. In jerin ya ragu sosai, to ana zubar da mutane a hanya, sai ku tambaya me ake yi da wanda bai haye ba, wane sashe ake mayar da shi. A irin su likitanci da harhaɗa magunguna samun gurbi ba shi ne ƙarshen fargaba ba, aji ɗaya ma wata tantancewar ce.

Wanda za ku tambaya kuma, kada ku tambayi ɗan aji ɗaya, shi har yanzu murna yake. Ɗan ajin ƙarshe kuma ya gaji, hankalinsa na kan furojet. Ku nemi 'yan aji uku. Ku bar Ummi ta yi musu magana da kanta, ku ɗan ja baya, domin in babba na tsaye ba za su faɗi gaskiya ba, za su ce komai lafiya lau. Ta tambaye su: a lab mutum nawa ke haɗuwa a kan na'ura ɗaya, kowa na taɓawa da hannunsa ko kallo ake yi? Nawa suke kashewa a wata a abinci da hoton takardu da mota? Wuta tana kaiwa ƙarfe nawa a wurin karatun dare, kuma mace za ta iya dawowa ɗaki ita kaɗai bayan isha'i? Ta karɓi lambar ɗaya daga cikinsu. Ni wadda na karɓi lambarta ranar da na zo tantancewa ita ta riƙe hannuna har na gama rijista.

Maman Sadiq: Allah ya yi miki albarka 'yata. Maganar a bar yarinya ta yi tambaya da bakinta ita ce ta fi kama ni. Mu iyaye mun iya amshe zance, yaro na tsaye kamar ba shi za a bari a wurin ba.

Abu Hanif: Na ji, kuma ƙanwata ta yi bayani mai amfani. Amma har yanzu ba wanda ya amsa mini maganar talaka. Mai 'ya'ya takwas da ke neman na masara, daga Gumel ko Ɗan Sadau, ya kwashi mutum uku zuwa Zariya da Kano da Sakkwato? Ga halin da hanyoyi ke ciki. Kada mu mayar da abin da masu hali ke iyawa ya zama kamar wanda bai yi ba ya yi sakaci da ɗansa.

Ɗan Samaru: Nan kam ka yi gaskiya, ba kuma wanda zai zargi uban da bai samu hali ba. Sai dai ba dole ne a je uku ba. A zauna a gida a tace, a duba maki da yanki da kuɗi, a rage zuwa ɗaya ko biyu, a je wadda ta fi kusa, a fita da sassafe a dawo da rana. Wanda ko hakan ya gagara, kusan kowace ƙaramar hukuma tana da ƙungiyar ɗalibanta a manyan jami'o'in nan. A nemi ɗan garinku da ke can ya kira ta bidiyo a WhatsApp, ya zagaya da wayar, ya nuna ɗaki da famfo da aji. Bai kai zuwa da ƙafa ba, amma ya fi mai kafe ya zaɓa maka.

Kuma makarantun sakandare fa? Ana kai yara yawon buɗe ido gidan zoo da madatsar ruwa. Me zai hana a cika bas ɗaya da 'yan ajin ƙarshe a kai su jami'a ko kwalejin kimiyya da fasaha ko ta horar da malamai mafi kusa? Kowa ya ba da kaɗan. Yarinyar da ba ta taɓa ganin mace sanye da farar rigar lab ba, ranar za ta gani.

Maman Sadiq: Wannan zan kai shi taron malamai da iyaye na makarantarmu in sha Allah. Wasiƙa kawai ake buƙata zuwa ofishin kula da harkokin ɗalibai.

Malamin Tsangaya: Gargaɗi ɗaya kafin a wuce, domin yana ci mini rai. Duk inda baƙo ya tsaya yana waige-waige a jami'a, akwai mai jiransa. Zai zo da kati a wuya, ya ce yana aiki a ofishin ɗaukar ɗalibai, ya ce kawo kaza a sa sunan 'yarka. Alhaji kada ka ba kowa ko sisi. Tun 2017 gurbin karatu ta manhajar CAPS ta JAMB yake fitowa, yaro ya gani da kansa ya amsa ko ya ƙi. Gurbin da bai bi ta nan ba matsala ce ke jiran mutum ranar da zai tafi bautar ƙasa. Ziyarar nan ta neman sani ce, ba ta neman hanya ba, a raba su.

Masu tura yara waje ta hannun dillalai kuma su suka fi kowa buƙatar wannan magana. A watan Janairun 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance takardun digiri daga Benin da Togo bayan wani ɗan jarida ya bankaɗo yadda ake sayen digiri a Kwatano cikin 'yan makonni. Akwai iyayen da suka biya kuɗi da zuciya ɗaya ba su taɓa ganin inda 'ya'yansu ke karatu ba, hoton gini kawai aka nuna musu a waya.

Maman Abba: Sannunku da ƙoƙari. Ina ta karantawa ban yi magana ba. Nawa ɗan, shan-inna ta taɓa shi tun yana ƙarami, da keke yake yawo, kuma kansa na ja sosai, lissafin kuɗi yake so. Ni tsorona ba maki ba ne. Ina jin tsoron a ba shi gurbi a je a tarar ajinsa a bene na uku yake. Akwai wanda ya san yadda ake yi?

Ɗaliba 'Yar Aji Huɗu: Mama, ku kam zuwa ya zama dole, kuma da shi da kekensa za ku je, ba wani ya gano muku ba. Ku bi hanyar da zai riƙa bi kullum: daga ɗakin kwana zuwa sashe, daga sashe zuwa zauren da ake haɗa 'yan aji ɗaya, zuwa laburare, zuwa masallaci. Ku duba faɗin ƙofar banɗaki, ku duba kwalbatoci da yashi a hanya, ku tuna da damina. Muna da ɗan ajinmu mai keke, abokansa ke ɗaga shi a matakala duk ranar da darasi ya faɗa sama, har sai da wakilin aji ya je ya roƙa aka sauya mana zaure zuwa ƙasa. An sauya kuwa, amma sai da aka nema.

Malamin Tsangaya: Hajiya, ki je ofishin shugaban harkokin ɗalibai kai tsaye, ki tambaya ko suna ware gado a ƙasa ga masu buƙata ta musamman, kuma wa ake rubuta wa takarda. Daga nan ki ga shugaban sashen, ki gaya masa halin da ake ciki tun kafin a fitar da jadawali. Akwai dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci da aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta wajabta wa gine-ginen gwamnati samar da hanyar shiga, don haka haƙƙinsa kike nema ba alfarma ba. Wajen cike fom ɗin JAMB ma a tabbatar an nuna yanayinsa a gurbin da aka tanada, kada mai kafe ya tsallake wurin don sauri. In kin sa ranar zuwa ki yi mini magana ta akwatin sirri, in jami'armu ce zan haɗa ki da wanda zai zagaya da ku, in wata ce kuma zan duba ko ina da abokin aiki a can.